Sifili Talatin da Takwas

Yau ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba, masu karatu, don raina a ɓace yake. Wanda bai san ni ba, malama ce ni a wata sakandare mai zaman kanta, ina koyar da insha'i a ajin ƙarshe. Shekarata ashirin da bakwai, ina gaban iyayena, kuma akwai mai nemana da aure. Wannan ya ishe ku ku biyo ni.

Ranar Lahadi da la'asar na baje takardun 'yan ajina a kan tabarma a tsakar gida, na ajiye kofin shayi a gefe, na cire ɗankwali na sha iska. Aikin gida na ba su, shafi ɗaya a kan "Ranar da na ji kunya". Na karanta ta farko na ce kai, madalla. Na karanta ta biyu na gyara zama. Kafin in kai ta shida shayin ya huce, ni kuma na ɗau zafi.

Yara talatin da takwas, kowannensu wai ya ji kunya ne "a wata safiya mai cike da annuri". Kowannensu ya "koyi darasi mai zurfi game da rayuwa". Kowannensu ya rufe da haƙuri da juriya da yarda da kai, a jere kamar an yi musu awo. Babu kuskure ko na ɗigo. Yaran da idan na ce su fito su rubuta jimla ɗaya a allo sai na kawar da kai!

Na san aikin wane ne. Aikin Kawu ne. Haka suke kiran manhajar nan ta waya wadda za ka faɗa mata abin da kake so, ta rubuto maka kafin ka ƙifta ido. Lissafi, a tambayi Kawu. Tarihi, a tambayi Kawu. Yanzu har kunyar da mutum ya ji a cikinsa, Kawu ne zai ji masa.

Na ɗauki jan biro na bi su ɗaya bayan ɗaya ina zana sifili, ƙato kamar murfin tukunya. Ba mugunta ba ce, ku fahimce ni. Saura wata uku su zauna jarrabawar fita, kuma a wannan zauren babu waya, babu Kawu, daga kai sai biro sai farar takarda. Shekara biyu ina riƙe da ajin nan. Idan suka faɗi, ni na faɗi.

Baba yana kan kujerarsa ta roba a bakin ƙofa, tabarau a kan hanci, rediyo a cinya. Tsohon hedimasta ne, shekara talatin da biyar yana cin alli. Ya leƙo ya ga sifilan, ya gyaɗa kai.

"Haka ake yi. Gobe kuma ki yi musu wankin Litinin mai kyau."

Wankin Litinin gadonsa ne na ɗauka. Kowace Litinin nakan zaɓo jimlolin da suka fi muni a aikin makon, in karanta su da ƙarfi a gaban aji tare da sunan mai su. A yi dariya, a wuce. Baba ya ce a zamaninsa yaro idan aka karanta shirmensa sau ɗaya, ba ya ƙarawa har ya tsufa.

Umma ta fito daga kicin tana goge hannu da gefen zaninta.

"Ku dai ku yi ta zuga ta. Ranar Asabar manyan yaron nan za su zo ganin Babanki, ke kina nan kina faɗa da 'ya'yan mutane. Ki rage wannan zafin kan, ba kowane namiji ne zai ɗauka ba."

Yaron nan da take nufi shi ne Safiyo, mai auna filaye. Dogo ne, mai yawan shiru. Idan ya zo hira sai ya zauna a bakin kujera yana juya makullin mota, maganarsa ba ta wuce rana ta yi zafi, wani ya ci iyakar wani. Amma a waya, jama'a! A waya wani mutum ne daban. Ba zan ɓoye muku ba, saƙonninsa ne suka sace ni. Ni da nake wuni cikin gurguwar jimla, na samu namijin da yake rubutu kamar ruwan sanyi.

Na zauna na zazzage masa duk abin da ke cikina, saƙo mai tsawon gaske. Ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta shigo:

"Malamata, na ji nauyin da zuciyarki take ɗauke da shi, kuma ina so ki sani ba ke kaɗai ba ce. Ke fitila ce a hanyar yaran nan, ko da idonsu bai saba da haske ba tukuna. Ki tsaya a kan gaskiyarki. Ina alfahari da ke yau, gobe, da kullum."

Na karanta sau uku. Na kifa wayar a ƙirjina ina murmushi ni kaɗai kamar wata sakara.

Litinin na saka doguwar rigata ruwan toka, wadda yaran suke cewa idan na sa ta ranar ba sauƙi, na yafa baƙin mayafi na shiga aji. Na raba musu takardunsu. Kowa ya tsura wa sifilinsa ido. Can sai ga hannu a layin gaba.

Lauya ce. Haka kowa yake kiranta, har malamai, don yarinyar nan idan ta buɗe baki sai ka rantse a kotu aka haife ta. 'Yar siririya, ido a tsaye, hijabinta kullum a karkace. Ita ce take cinye mana gasar muhawara duk shekara, kuma aikin gidanta bai taɓa sauka daga sahun farko ba.

"Malama, don Allah ina hujja?"

"Hujjar me?"

"Cewa ba mu muka rubuta ba. Kin kama wani da waya a hannu?"

"Zauna."

"Zan zauna, Malama, amma ko ɓarawo sai an nuna abin da ya sata. Idan mun yi kuskure ki ce mu daƙiƙai ne, idan ba mu yi ba ki ce mu ɓarayi ne. To ya kike so mu yi?"

Ajin ya ɗauki "wallahi kuwa". Wani a baya har da buga tebur. A zamaninmu, ni da ban fi su da shekara goma ba, malami yana magana kai kana kallon ƙasa. Waɗannan kuwa cikin idonka suke kallo, kamar kai ka zo neman aiki a wurinsu. Kaina ya yi zafi, na faɗi maganar da har yanzu nake cizon yatsa a kanta.

"Ni rubutun na'ura ko a cikin duhu na taɓa shi ina gane shi. Sifili ya zauna."

Talata tun kafin a kaɗa ƙararrawar tara aka ce Firinsifal yana nemana. Na same shi da wayoyi biyu a kan tebur, ɗaya tana ruri, yana share gumi da hankici. Mutum ne mai son zaman lafiya, irin wanda idan iyaye suka yi tari shi yake kamuwa da mura.

"Malama, me kika jawo mana? Iyaye goma sha huɗu ne suka kira ni. Wata uwa ta ce 'yarta ko abinci ba ta ci ba."

"Yallaɓai, ba su suka rubuta ba."

"Kina da hujja?"

"Ina da ido."

"Ido ba ya shiga fayil." Ya kashe wayar da ke ruri. "Ki saurare ni. Daga nan zuwa Alhamis, ko ki kawo hujjar da zan nuna wa iyaye, ko ki mayar musu da makinsu ki ba su haƙuri a gaban aji, ni ma ina zaune. In ba haka ba zan karɓe ajin in ba wani, ki koma aji ɗaya."

"In ba su haƙuri? Ni? Saura wata uku jarrabawa, yallaɓai, yaran nan ba za su iya..."

"Alhamis, Malama."

Na fito ina jin kamar in kama ƙofar in ɓalle ta.

Laraba ina shiga aji na tarar sun shirya mini. Lauya ta taso da takardu shida ta jera a teburina, duk rubutun hannu ɗaya.

"Malama, kin ce ko a duhu kina ganewa. Ga shida nan. Uku 'yan aji ne suka yi da kansu, uku Kawu ne. Mutum ɗaya ya kwafe su duka don kada hannu ya tona. Ki ware. Idan kika ci, mun karɓi sifili, babu wanda zai ƙara kai ƙara."

Mai hankali zai ce ba ya wasa da yara. Ni kuwa zuciya ta riga ta hau kaina. Na zauna na karanta, na ware uku masu kurakurai na ce waɗannan na mutane ne, masu santsin kuma na Kawu.

Ajin ya fashe da ihu. Biyu daga cikin ukun da na ce na mutane ne, Kawu ne ya yi su. Ashe cewa suka yi ya rubuta kamar ɗalibi mai rauni, ya zuba kurakurai, shi kuma ya zuba musu har da gyara. Biyu daga cikin masu santsin kuwa na 'yan aji ne, ɗaya wata yarinya ce mai shiru-shiru ta kwana biyu tana gogewa da kanta. Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na daure fuska.

Da a nan suka tsaya da sauƙi. Sai Lauya ta zaro waya daga cikin hijabi, wayar da dokar makaranta ta hana, tana dariya.

"Malama, Kawu fa ba insha'i kaɗai ya iya ba. Har masoya yake yi wa aiki. Bari ki gani." Ta fara dannawa tana faɗa da ƙarfi. "Budurwata malama ce, ɗalibai sun ɓata mata rai, rubuta mata saƙon lallashi."

Sun sha ganin motar Safiyo a bakin get, tsokana ce kawai irin tasu. Na buɗe baki zan ce ta kawo wayar, sai ta fara karantawa, tana lanƙwasa murya:

"Abar ƙaunata, na ji nauyin da zuciyarki take ɗauke da shi, kuma ina so ki sani ba ke kaɗai ba ce. Ke fitila ce ga ɗalibanki..."

Ban ji sauran ba. Yaran suna ta shewa. Wata takwas ina adana saƙonnin Safiyo. Wasu har na haddace su.

"Ya isa!" Na buga tebur har alli ya faɗi ya karye. "Marasa kunya! An ba ku ƙwaƙwalwa kun kai ta ajiya! Ranar jarrabawa Kawun ne zai zauna muku?"

Dariya ta ɗauke. Lauya ta mayar da wayar, ta dube ni, wannan karon babu wasa a fuskarta.

"To Malama, mu faɗi gaskiya. E, Kawu ne ya rubuta. Amma kin taɓa tambayar dalili? Duk wanda ya rubuta da kansa, ranar Litinin sunansa ne a bakinki, aji yana dariya. Ku a lokacinku dariyar a cikin aji take mutuwa. Mu kafin a tashi an saka a guruf ɗin waya, an yi sitika da fuskarka, har 'yan wata makarantar sun gani. Akwai wadda tun bara ake kiranta da jimlar da kika karanta, har a unguwarsu. Kawu dai ba a taɓa wanke shi ranar Litinin ba."

Na sunkuya na tsince allin da ya karye. Na tattara jakata na fita tun ba a kaɗa ƙararrawa ba.

Da yamma Safiyo ya zo, cikin farar riga mai dogon hannu, takalminsa da jar ƙasar fili. Na same shi a falon baƙi. Ban kawo masa ko ruwa ba. Na zauna a kujerar da ke fuskantarsa, na buɗe saƙon Lahadi na miƙa masa.

"Wa ya rubuta wannan?"

Ya kalli wayar, ya kalle ni, ya fara juya makulli.

"Ni na turo miki mana."

"Ban ce wa ya turo ba. Wa ya rubuta?"

Ya ce, "Ai abin da ke raina ne. Ina faɗa masa, shi kuma ya tsara."

"Cikin minti ɗaya? Saƙon da na yi minti ashirin ina rubutawa? Ka ma karanta shi kuwa?"

"Ina fili lokacin, ana jirana da tef ɗin awo a hannu. Na kwafa na saka masa, na ce ya ba da amsa mai daɗi. Daga baya na karanta."

Jama'a, ku ji fa. Ina faɗa da yara a kan Kawu, na kai kukana wurin masoyi, ashe Kawun ne ya share mini hawaye, har yana ce mini in tsaya a kan gaskiyata! Na miƙe tsaye, mayafina ya zame ban ko kula ba.

"Wata takwas! Ranar da kakata ta rasu, wannan dogon saƙon da ya sa ni kuka, shi ma shi ne?"

Ya sunkuyar da kai.

"To da wa nake soyayya? Faɗa mini, don in san wanda zan ce wa Baba ya ba shi ni ranar Asabar. Kai ko wayarka?"

Sai ya ɗago. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci ba sai ranar.

"Kin gama? To ni ma bari in yi tambaya. Saƙon farko da na taɓa turo miki, ni na rubuta shi da kaina. Sau huɗu ina gogewa. Kin tuna abin da kika yi?"

Na jawo mayafina na mayar a kafaɗa, ya ci gaba.

"Kin dawo mini da shi kin gyara wuri biyar, kika sa fuskar dariya, kika ce in sake kafin Litinin. Ke wasa kike yi, na sani. Ni kuwa a mota nake zaune, na ji kamar an mayar da ni aji uku an tsayar da ni a gaban allo. Ni ba gwanin magana ba ne, Malama. Na iya auna fili, ba na cin amanar kowa, kuma ina son ki. Wannan ukun na iya. Na ga ba za su ishe ki ba, shi ya sa na nemo mai taya ni."

Ya tashi, ya ajiye ledar lemu da ya kawo a kan tebur, ya yi wa Baba sallama daga bakin ƙofa ya tafi. Ni kuma na tsaya a tsakiyar falo, haushinsa yana cina, haushin kaina ya fi.

Umma duk ta ji, don bangon falonmu ba ya riƙe sirri. Tana shigowa ta hau ni.

"Kin kore shi ko? Hankalinki ya kwanta? Wai ke saƙo za ki aura ko mutum?"

"Umma, yaudarata ya yi."

"Yaudara! Je ki tambayi Babanki wasiƙun da ya riƙa aiko mini muna saurayi da budurwa. Sai bayan an haife ki na tsinci littafin da yake kwafowa a ƙasan akwatinsa, har da layin da ya ja a ƙarƙashin wuraren da ya ɗauka."

Daga tsakar gida Baba ya yi gyaran murya ya ƙara ƙarar rediyo.

"Shi aƙalla ya karanta kafin ya kwafa," na ce.

"Ke dai kika sani. Asabar tana nan tafe, ki san abin da za ki faɗa wa mutane."

Har yanzu ban san me zan faɗa musu ba, kuma Safiyo bai ƙara turo ko harafi ɗaya ba. Amma ba wannan ne ya hana ni cin abinci ba. Alhamis ce.

Na shiga aji da ƙarfe goma, riƙe da fararen takardu. Firinsifal ya riga ni, yana zaune a kujerar baya ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana jiran ban haƙuri. Wasu yaran suna murmushin nasara.

"Jiya kun kayar da ni," na ce. "Na ce ina gane rubutun na'ura ko a duhu, ƙarya na yi, ban iya ba. Wankin Litinin kuma daga yau na daina shi. Wadda ake kira da jimlarta tun bara, ban san na yi miki haka ba, ki yafe mini."

Firinsifal ya gyaɗa kai, ya fara gyara riga zai tashi.

"Amma sifili yana nan."

Ya koma ya zauna.

"Da bakinku kuka ce ba ku kuka rubuta ba, ba zan ba Kawu maki ba. Ga takarda. Wanda yake son makinsa ya kawo wayarsa nan teburina, ya karɓi ɗaya, ya rubuta mini abin da ya fi tsana a ajin nan, ko da ni ce. Minti talatin. Ba zan taɓa ta da jan biro ba, kuma babu wanda zai ji abin da ke ciki sai ni."

"Malama," Firinsifal ya ɗaga murya, "ba haka muka yi da ke ba."

"Yallaɓai, saura wata uku. Idan na mayar musu da makin nan, ni da kai da iyayensu duk mun haɗu mun yi musu ƙarya."

"A gaban yara kike mayar mini da magana? Shi ke nan. Daga Litinin ki koma aji ɗaya." Ya fita ya bugo ƙofa.

Kada ku zaci ajin ya tashi gaba ɗaya ya goya mini baya, ba fim ba ne. Wasu dariya suka yi. Wani ya ce tunda an cire ta me zai sa mu wahala. Yarinyar nan mai shiru-shiru ce ta fara tasowa, sai wasu suka biyo ta suna jan ƙafa. Na ƙirga wayoyi goma a teburina. Lauya tana zaune ta harɗe hannu, tana kallon taga. Sai da aka ci minti goma sannan ta taso, ta dangwarar da wayarta, ta fizgi takarda ba ta dube ni ba. Na ce a raina yau zan sha zagi da hujjoji, shafi biyu ba zai ishe ta ba.

Da aka kaɗa ƙararrawa suka ajiye suka fice. Na zauna ni kaɗai a ajin da ba nawa ba ne kuma, na fara karantawa. Rubutu ne duk a karkace, kurakurai kamar an watsa tsakuwa, hannuna har ƙaiƙayin biro yake. Ɗaya ya ce ya tsani rigata ruwan toka. Wata ta ce ta tsani yadda nake cewa "sauƙi ne ai" kafin in ba da aiki mai wuya. Na yi dariya, na yi tsaki, kuma a karon farko cikin shekara biyu na ji muryar kowannensu daban.

Takardar Lauya ce a ƙasa, ta ninke ta huɗu. Na buɗe. Rabin shafin duk gogewa ne, an fara an soke, an fara an soke, har takardar ta huje a wuri ɗaya. A can ƙasa layi uku ne kacal, da rubutu kamar na 'yar firamare:

"Malama ni ban iya ba. A baki na iya amma in na riƙe biro komai sai ya gudu. Shekara biyu ina zaune a gabanki baki sani ba."

Na karanta na sake karantawa. Yarinyar da nake nuna wa baƙi, wadda na rubuta wa "madalla" ya fi sau ashirin, wadda ta tayar mini da aji da iyaye da Firinsifal don kada a kai ga wannan takardar. A layin gaba, taku biyu daga teburina. Kuma ranar Litinin za a miƙa ta ga wanda zai ci gaba da rubuta mata "madalla" har ta shiga zauren jarrabawa.

Na leƙa ta taga na hango ta a bakin famfo, ta juya wa ajin baya, tana ta wanke hannun da babu abin da ya taɓa shi. Na yi mata alkawarin babu wanda zai ji, don haka hujjar da Firinsifal yake nema tana hannuna kuma ba zan iya nuna masa ba.

Na ninke takardar na tura cikin jakata, na ja zif. Na gyara mayafina na nufi ofishinsa. Sakatariya ta taso tana cewa yana da baƙi, iyayen yara ne a ciki. Na ce mata ai su nake nema, na tura ƙofar.